Kayanmu a Waje, Saƙon Mutane a Ciki

Shekarar da maigidana ya sayi motar nan mai ɗaki a cikinta, wadda Turawa ke kira motorhome, ban yi masa musu ba. Na kalle ta, na kalle shi, na ce Allah ya sanya alheri. Tsohuwa ce, fara, ta fara tsatsa a gindin ƙofa. A hannun wasu tsofaffin Turawa mata da miji ya saye ta, waɗanda ciwon gwiwa ya hana su yawo. A ciki akwai gado, akwai kujerar da ake buɗewa ta zama wani gadon, da ɗan murhu mai kai biyu, da banɗakin da in ka shiga sai ka fito waje kafin ka iya juyawa. Ya kawo ta ya girke a ƙofar gidanmu a Salford, gab da Manchester, ta cinye wurin mota biyu, ta tare mana ɗan hasken da ke shigowa ta tagar falo, mu da dama ranar garin nan ba ta ishe mu ba.

Burinsa shi ne idan yara sun samu hutun bazara mu tafi Wales, mu yi 'yan kwanaki a bakin wani tafki da ya gani a waya. Yaranmu biyu ne, babbar mace tana sakandare a lokacin, ƙaninta kuma yana firamare. Murna wurinsu ba a magana. Ni ma, in faɗi gaskiya, na so tafiyar. Na gaji da hutun da ke ƙarewa tsakanin kicin da kanti.

Maigidan nawa injiniya ne, kuma ba ya bari a manta. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani cewa kowace mota da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, kuma abu mai nauyi ƙasa ake sa shi, a tsakiya, don kada motar ta riƙa rangaji. Da na ɗauko babbar tukunyata ta ƙarfe, ya ɗaga ta ya jijjiga kai, ya ce, "Maman yara, wannan ta yi nauyi. Nemi ƙarama."

Na nemi ƙarama. Na shafe mako ina shirya kaya a hankali bayan na taso daga aiki. Akwai babban tanti da ake jinginawa a jikin motar ya zama kamar zaure, jakarsa kaɗai ta kai buhun gero biyu a haɗe, sandunansa a wata jakar daban. Akwai kujeru masu naɗewa, da tebur, da barguna, da 'yan siraran katifu, da abin gashin nama, da babbar tabarmar roba da na taho da ita tun daga Kano. Duk na sama musu wuri a ciki, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a cikin durowa. Kekunan yara kaɗai za su hau marataya a baya. Da na gama na rufe ƙofa, na ji daɗi a raina. Shi ma ya leƙa ya ce madalla, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Juma'a, washegari za mu tashi, ya je masallaci. Bayan an idar da salla ana gaisawa a waje, ya faɗa wa mutane cewa zai bi ta Birmingham ya gaishe da yayansa kafin mu wuce. Aka ce da wace mota? Ya ce da babbar motar nan.

Kafin la'asar an fara buga ƙofa.

Wadda ta fara zuwa Hajiya ce, dattijuwar da ke zaune wurin ɗanta likita a can wata unguwar. Lokacin da na haifi yaron nan ba ni da kowa a ƙasar, ita ta riƙa zuwa tana dama mini kunun kanwa tana gasa mini jiki. Ba ta cikin mutanen da zan iya haɗa ido da su in ce a'a. Ta shigo da fara'arta ta ce, "'Yata, na ji za ku Birmingham. Ɗan saƙo ne zan ba ku, ku miƙa wa jikata da ke karatu a unguwar Perry Barr."

Na ce, "Ai ba komai Hajiya, kawo."

Ta ce yana cikin mota. Na bi ta waje ina tsammanin leda. Ɗanta ya buɗe bayan motarsa, sai ga firiza. Firiza sosai, irin mai murfi a sama, ta kai mini ƙugu. Wai sun sayi sabuwa, wannan kuwa lafiyarta ƙalau, kuma yarinyar tana fama da rashin wurin ajiye miya.

Na juya na kalli maigidana, mutumin da ya hana ni tukunya. Jira nake ya buɗe baki ya yi bayanin nauyi. Sai ji na yi ya ce, "Haba Hajiya, wannan ai ba wani abu ba ne. Akwai wuri."

Bayan firiza sai keken ɗinki, na ƙanwar matar wani abokin maigidana da ke unguwar Sparkbrook a Birmingham. Sai gadon jariri a kwance-kwance, an ɗaure katakansa da tsumma. Wani ɗalibi mai bincike ya zo da kwalin littattafai da ya fi kowane kaya nauyi, yana ta ba da haƙuri yana kuma turo shi ciki. Wata mata da ban ma san sunanta ba ta kawo jarkar manja da ƙullin daddawa, ta ce a kula kada jarkar ta kwanta. Kowa in ya ajiye nasa sai ya ƙara da cewa, "Don Allah kada ruwa ya taɓa." Kowa kuma ɗan saƙo yake kiran nasa.

Da gida ya watse na ce masa, "Injiniya." Haka nake kiransa in raina ya ɓaci, ya kuma sani. "Ina za mu sa waɗannan?"

Ya ce, "A ciki mana. Amana ce."

"Namu fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi rufin motar. Ya ce, "Kayan zango ai don waje aka yi su."

Da safe muka fito da duk abin da na yi mako ina shiryawa, muka zube a bakin titi. Firiza ta shiga ta tsaya a tsakiyar hanya, tsakanin murhu da banɗaki. Keken ɗinki ya kwanta a ƙarƙashin gado inda tanti yake a da. Shi kuma ya hau tsanin da ke bayan motar, ni ina miƙa masa kaya daga ƙasa. Jakar tanti sai da na sa kai da kafaɗa na tura, ya jawo, ta kusa jawo shi ƙasa. Sanduna suka bi, sai tebur, sai abin gashin nama. Barguna da katifu muka cusa a manyan baƙaƙen ledojin shara, ya jera su a sama ya lulluɓe da tampol. Kujeru ya ɗaure a jikin kekuna a baya. Tabarma ta ƙi kowane wuri saboda tsawonta, daga ƙarshe ya gicciye ta a saman kekunan. Maɗauran da ya saya suka ƙare tun ba a kai rabi ba, ya aiko yaro ya kwance igiyar shanyata ta bayan gida.

Na ja da baya na kalli abin da muka haɗa. Na ce, "Wallahi saura akuya da kwandon kaji. Sai ka ce motar kasuwar ƙauye."

Ya ce daga sama, "Ki bar ganin kyau. Ɗaurin ake dubawa."

Maƙwabcinmu Bature ya fito da karensa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya cikin ladabi ko tashi za mu yi daga unguwar. 'Yata ta ja hular rigarta ta rufe fuska ta shige mota, ta ce da Turancinta na 'yan Manchester idan wata ƙawarta ta gan ta a cikin wannan abin, ta gama zuwa makaranta.

Muka kama hanya. Tun kafin mu fita daga gari na gane tafiyar nan ba za ta yi daɗi ba. Duk kwanar da muka sha sai motar ta yi wani lilo kamar mai juwa, firiza kuma ta ɗan matsa ta daki ƙofar banɗaki. Warin daddawa ya cika ɗakin. Ni da aka haifa a cikin daddawa ban taɓa ƙin ta ba sai ranar, a rufaffiyar mota da aka kunna wa na'urar ɗumama. Yaro ya ce amai zai yi. Na buɗe taga, ƙarar tampol ta shigo, fat-fat-fat, kamar ana kakkaɓe darduma a kan kunnena. Na rufe, wari ya dawo.

A kan babban titin M6 muka maƙale a layin gefe muna rarrafe. Manyan motocin kaya suna wuce mu, kowacce ta wuce sai iskarta ta ture mu gefe, maigida ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu yana cewa, "Ba komai, ba komai," ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Muna wuce garin Stoke sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko.

Can sai wani direban babbar mota ya jero da mu, yana danna hon yana nuna bayanmu da yatsa. Maigida ya ɗaga masa hannu, a zatonsa gaisuwa ce. Mutumin ya ƙara dannawa. Yaro ya waiga ta 'yar tagar baya ya ce, "Daddy, tabarmar Mummy ta buɗe."

Allah ya taimake mu wurin hutawa na kusa. Muka shiga muka tsaya can cikin manyan motoci, muka fito cikin ruwa. Tabarma ta warware ta sauko kamar labule, ta rufe lambar mota da fitilun baya gaba ɗaya. Kujera ɗaya ta zame, tana reto da ƙafa guda a jikin igiyar shanya. Da na ga wannan sai da gabana ya faɗi, don da ta tsinke a tsakiyar titi, motar da ke bayanmu za ta samu. A sama kuwa iska ta ɗage tampol ta yayyaga ledojin, barguna sun sha ruwa sun ƙoshi.

Ya hau tsani, ni ina ƙasa riƙe da bakin igiya, ruwa na bi ta wuyan hijabina yana gangarawa baya.

"Ja!" in ji shi.

"Ina ja!"

"Ba can ba, wajenki!"

"Wajen nawa ne nan, Injiniya!"

Na ce masa firizar mutane tana ciki a bushe tana hutawa, bargon da 'ya'yansa za su rufa yana sama yana wanka. Ya ce to me nake so ya yi, ya ce wa Hajiya ta koma da kayanta? Ai ni ma ina tsaye, me ya hana ni faɗa? Na ce ba ni na je masallaci na yi shela ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma yau ga shi har da mu da ba mu ja ba. Ya ci gaba da ƙulla igiya. Wasu Turawa a motar da ke kusa suna cin burodi suna kallonmu ta gilashi kamar talabijin.

Tabarma dai ciki ta koma, jiƙaƙƙiya, muka jingine ta a kan firiza, bakinta yana zungurar ƙeyata har Birmingham.

Perry Barr muka fara nufa don mu rabu da babban nauyi. Gidan ɗalibai ne mai hawa da yawa. Muka kira jikar Hajiya ta sauko, yarinya mai hankali, ta durƙusa ta gaishe mu. Maigida ya buɗe mata ƙofa yana murmushi kamar mai kawo lefe. Ta leƙa, ta ga firiza, ta dafe ƙirji.

"Anti, ai na gaya wa Hajiya tun tuni. Ba a yarda mu shigo da irin wannan ba. Ɗakina ma gado da tebur kawai yake ɗauka, kitchen ɗin kuma sharing muke yi."

Na ce, "Kin gaya mata?"

"Wallahi na gaya mata. Cewa ta yi in na gan ta zan so ta."

Muka kira Hajiya a waya. Ta saurara, ta ce ikon Allah, wai yanzu mutum da ɗakinsa a hana shi ajiye kayansa? Sannan ta ce a buɗe murfin, akwai dambun nama a ciki, yarinya ta ɗauka. Firizar kuma mu wuce da ita gidan Yaya, wato yayan maigidana, a ajiye kafin ta yi shawara. Ta sa mana albarka sosai. Yarinya ta ɗauki 'yar robar dambunta da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ta yi mana godiya ta haye sama. Wanda aka aiko wa littattafai shi ma a nan kusa yake, ya zo ya kinkimi kwalinsa. Muka rufe ƙofa, firiza na nan inda take.

Daga nan muka nufi Sparkbrook, unguwar su Yaya.

Wanda ya san titin Stratford Road ranar Asabar da yamma ya san abin da muka shiga. Bas a gaba, bas a baya, mutane na tsallakawa ta ko'ina da ledojin cefane, masu neman kayan biki sun cika shaguna. Layin gidan Yaya kuwa siriri ne, motoci sun jeru hagu da dama, ko ƙaramar mota sai ta yi dabara. Muka zaga muka sake zagawa ba wurin tsayawa. Sai maigida ya hango wani filin ajiye motoci a bayan shaguna. A bakin shigarsa akwai ƙarfe a gicciye a sama, an rubuta iyakar tsayin motar da za ta iya wucewa.

Tsofaffin da suka sayar masa da motar sun manna 'yar takarda kusa da sitiyari mai ɗauke da tsayinta. Ya karanta ta, ya karanta na jikin ƙarfen, ya ce, "Akwai sauran tazara." Ya taka mai.

Na buɗe baki na ce, "Da kayan sa—"

Ƙarar da ta biyo baya har yau ina jin ta a haƙorana. Wani ƙuuu mai tsawo, sannan ƙaras, sannan motar ta tsaya cak. Jakar tanti ta cushe a ƙarƙashin ƙarfen, abin gashin nama ya lotse ya maƙale a bayanta. Ya gwada gaba, ta ƙi. Ya gwada baya, wani abu ya sake karyewa a sama. Rabinmu a ciki, rabinmu a kan hanya, mun toshe masu shiga mun toshe masu fita.

Nan da nan aka taru. Mai shagon nama ya fito da rigar aikinsa, wasu dattawa 'yan Pakistan da suka fito daga masallaci suka tsaya, wani Basomale ya ajiye kofin shayinsa ya zo. Kowa da shawararsa, kowa da yarensa. Wannan ya ce a sace iskar taya, wancan ya ce a'a a yi baya da ƙarfi, wani ya ce ɗan'uwansa na da irin motar nan kuma bai taɓa yin haka ba. Masu motocin da muka tare suna ta hon. 'Yata ta kwanta a kan kujera ta lulluɓa da mayafina.

Ba wata dabara da ta rage sai sauke kayan a wurin. Ya hau, ya rarrafa ta gefen ƙarfen, ya riƙa yanka igiyar shanyata da wuƙar kicin yana miƙo kaya, mutane na karɓa suna jerawa a gefen titi. Jiƙaƙƙun barguna, katifu, tebur, abin gashin da ya koma kamar an taka gwangwani, sandunan tanti da suka lanƙwashe kamar baka. Na fito da tabarma don a samu hanyar wucewa a ciki, na jingine ta a bango na tsaya kusa da tulin ina gadi. Wata mata ta zo wucewa, ta tsaya ta shafa tabarmar, ta tambaye ni ko ta sayarwa ce.

Ana cikin haka Yaya ya iso a ƙafa, cikin jallabiya da silifa, don mun kira shi. Yayan maigidana akanta ne, mutum mai son raha. Ya tsaya ya dubi mota, ya dubi ƙaninsa a sama riƙe da wuƙa, ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa. Kafin ya ce mana sannu sai da ya zaro waya ya ɗauki hoto. Kafin mu gama kwashe kaya hoton ya isa Kano, 'yan'uwa suna ta turo saƙon jaje mai haɗe da dariya.

A gidan Yaya matarsa ta karɓe ni kamar wadda aka kwaso daga hatsari. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ba ni busasshiyar riga, ta baza barguna a kan duk wani abin ɗumama ɗaki da ke gidan, har da ƙarfen matakala, gida ya ɗauki warin jiƙaƙƙen ulu. Waɗanda aka aiko wa keken ɗinki da gadon jariri da manja suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓi kayansu. Mai manja ta ɗaga jarkar ta duba gindinta, ta ce kamar ta ɗan yi yoyo. Na ce mata haka aka ba mu. Firiza kuwa maza suka kinkimo ta da nishi, aka tura ta lungun da ke ƙarƙashin matakala. Matar Yaya ta ce ta zauna nan har Hajiya ta gama shawara, in shawarar ta yi tsawo kuma ita za ta jona ta.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Na fara dawowa hayyacina ke nan, na kai loma ta biyu ko ta uku, sai Yaya ya gyara zama ya ce da ƙaninsa, "To, tunda yanzu wuri ya samu a ciki, akwai wani kafet da na yi wa wani abokina alkawari a Manchester. Ba shi da nauyi, tsawo ne kawai. Sai ku wuce da shi, in kun dawo daga yawon naku ku miƙa masa."

Na ga bakin maigidana ya fara haɗa "ba komai". Na riga shi.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Motar nan ta cika."

Kowa a wurin ya san motar ba komai a cikinta sai warin daddawa. Yaya ya dube ni, ya dubi ƙaninsa. Ƙanin ya sunkuyar da kai yana gyara tuwo a kwano kamar wani aiki aka ba shi. Tunda na shigo danginsu ban taɓa mayar wa Yaya magana ba, kunnuwana har zafi suke yi, amma ban janye ba.

Matar Yaya ce ta ce, "Ai kuwa ta cika. Ni ma na gani." Ta tura masa kwanon miya. Yaya ya yi 'yar dariya ya ce to shi ke nan, Allah ya kawo wani mai tafiyar.

Da muka keɓe maigida ya ce na ba shi kunya a gaban yayansa. Na ce kunyar da ya sha a gaban rabin Sparkbrook ba ta ishe shi ba? Ya ce wannan daban. Na ce ni ma na san daban ce, don wancan har da hoto.

A nan muka kwana. Da safe na mayar da kayanmu ciki da hannuna, kowanne inda na sa shi tun farko, ban bar kowa ya taya ni ba. Barguna ba su gama bushewa ba. Abin gashin nama muka bar wa Yaya ya zubar. Saman motar ba abin da ya hau, in ban da wani dogon tabo da ƙarfen ya bar mata.

Mun isa bakin tafkin da rana tsaka, kuma ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau. Duwatsu kore shar, tumaki a warwatse, ruwa kwance kamar faranti. Yara suka fice da gudu. Mu kuma muka tsaya kafa tanti da lanƙwasassun sanduna. Ya miƙe waɗanda za su miƙu a kan gwiwarsa. Ɗaya ta karye gaba ɗaya, ya shiga mota ya fito da muciyata, ya haɗa ta da sandar ya naɗe da salatif kamar mai ɗorin karaya. Na ce da me zan tuƙa tuwo? Ya ce ai hutu muka zo, a ci taliya. Tanti ya tashi a karkace, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, duk iskar da ta kaɗa sai ya rusuna.

Kusa da mu akwai wasu mata da miji da tasu motar, tsaf-tsaf, komai nasu a cikin akwatin da aka yi don shi. A saman motarsu an ɗaure wani dogon kwalekwale ja. Na fito da kujera na zauna da kofin shayi, karon farko da na zauna ba abin da ke zungurata ko ɗiga a kaina. Ina kurɓa ina kallon maigida ya tafi gaishe su. Na ga ya daɗe. Na ga yana zaga motarsu yana ɗaga kai, yana taɓa maɗauran, mutumin yana nuna masa yadda ake ɗagawa.

Ya dawo fuskarsa a washe, ya tsuguna kusa da kujerata.

"Maman yara, kin san kwalekwalen nan ba shi da wani nauyi? Mutum biyu sun isa su ɗora shi. Na ce ba, baɗi in Allah ya kai mu, in muka nufi Scotland—"

Na miƙa masa kofin, na tashi na sa takalmina, na gangara bakin ruwa wurin yara. Yana ta kirana wai in tsaya in ji ƙarshen maganar.